Labarin Imamu Gazali, Hujjatul Islam, da Yadda Allah Ya Kuɓutar da Shi daga Ciwon Sai Gobe

Da sunan Allah muke farawa, Mai yawan rahama ga bayinsa. Godiya ta tabbata gare Shi, wanda ya buɗe ƙofar tuba dare da rana, ya ɓoye wa kowane rai ranar ajalinsa domin kada ya sakankance. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai masu riƙo da wuridi, ku sani cututtukan zuciya suna da yawa, amma wadda ta fi tare wa mai neman Allah hanya ita ce wadda malamai ke kira taswifi. Ma'anarta mutum ya san gaskiya, ya yarda da ita, ya kuma so ta, sa'an nan ya riƙa ɗaga aikinta zuwa gobe. Saurayi yana jiran ya yi aure, magidanci yana jiran ya aurar da 'ya'ya, manomi yana jiran kaka, ɗan kasuwa yana jiran ya biya bashi, har Mala'ikan mutuwa ya iske kowa cikin jiransa. Domin wannan cuta na so in ba ku labarin wani babban malami da ta kama, ta kusa kayar da shi, har Allah ya cece shi. Shi ne Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Gazali, Allah ya yarda da shi, ya amfane mu da albarkarsa.

Fasali na farko, cikin asalinsa da neman iliminsa

An haife shi a garin Ɗus, cikin ƙasar Hurasan, wadda take cikin Iran ta yau, shekara ta 450 ta Hijira, daidai da 1058 ta Miladiyya. Mahaifinsa talaka ne, mai kaɗa zaren ulu yana sayarwa, mai son malamai da zama a majalisinsu. Sa'ad da ya ga mutuwa ta gabato, sai ya danƙa 'ya'yansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, ga wani abokinsa sufi, tare da ɗan abin da ya bari na dukiya. Sufin nan ya riƙe amana, ya koya musu karatu da rubutu har kuɗin suka ƙare. Shi kuwa ba shi da komai, saboda haka ya shawarce su da su shiga makaranta domin su sami abin da za su ci. Ku dubi hikimar Ubangiji: yunwa ce ta kai wannan yaro ƙofar ilimi.

Ya fara fiƙihu a Ɗus, sa'an nan ya tafi Jurjan ya yi karatu, ya rubuta abin da ya ji a takardu, ya zuba su cikin jaka. An ruwaito cewa a hanyarsa ta komawa gida 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka kwashe komai har da jakar. Ya bi su yana roƙon a mayar masa da ita, yana gaya musu cikinta ne iliminsa yake. Shugabansu ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilimin da ɓarawo ke iya ɗaukewa bai zama na mai shi ba tukuna, sa'an nan ya sa aka ba shi jakarsa. Gazali ya ɗauki wannan magana a kan gargaɗi ne daga Allah. Da isarsa Ɗus ya duƙufa shekara 3 yana hardace abin da ya rubuta, har ya zama ko an sake yi masa fashi ba za a raba shi da shi ba.

Bayan haka ya tafi Naisabur, ya lazimci Imamul Haramaini Juwaini, babban malamin Shafi'iyya na zamanin, ya sha fiƙihu da usulu da ilimin kalamu da jayayya, har ya wuce tsararsa. Da Juwaini ya rasu cikin shekara ta 478, wato 1085, sai ya nufi sansanin waziri Nizamul Mulki, wazirin Sarkin Saljuƙawa, wanda majalisinsa ke cike da malamai. Ya yi muhawara da su ya rinjaye su, sunansa ya watsu.

Fasali na biyu, cikin ɗaukakarsa a Bagadaza

Cikin shekara ta 484, wato 1091, waziri ya naɗa shi malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 34. A wancan zamani babu kujerar ilimi da ta fi ta. Ɗalibai 300 ke zama a gabansa. Manyan gari suna girmama shi, Halifa Mustazhiru yana neman ya yi masa littafi, fatawa tana zuwa masa daga ko'ina. Cikin 'yan lokutan da yake samu tsakanin karantarwa da wallafa ya karanta littattafan masu falsafa har ya gano inda suka ɓace, ya yi musu raddi cikin littafinsa Tahafutul Falasifa. Ya kuma yi raddi ga Baɗiniyya.

Sa'an nan ya juya ga ilimin sufaye. Ya karanta Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalibil Makki, da littattafan Harisul Muhasibi, da abin da aka ruwaito daga Junaidu da Shibli da Abu Yazidal Bisɗami. Ya san duk abin da ake iya sani ta hanyar karatu da ji. A nan ya gane cewa hanyar mutanen nan aiki ce da ɗanɗano, kuma mai magani yana iya sanin ma'anar lafiya da sabubbanta alhali shi kansa yana kwance ba lafiya.

Daga nan ya yi wa ransa hisabi. Ya duba ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne karantarwa. Ya duba karantarwar, ya ga mafi yawanta cikin fannonin da ba su da amfani ga tafiyar Lahira. Ya duba niyyarsa, ya ga abin da ke motsa ta son girma ne da yaɗuwar suna. Sai ya tabbata yana tsaye bisa gaɓar da ruwa ya cinye ƙarƙashinta, idan bai gyara ba Wuta zai faɗa. Duk wannan shi ne ya bayyana shi game da kansa cikin littafinsa Almunƙizu minad Dalali, domin ya zama izina ga na baya.

Fasali na uku, cikin watannin kai da kawo

To, 'yan'uwa, nan ne wurin da nake so ku tsaya ku natsu. Mutumin nan ya san cutarsa, ya san maganinta, babu wani a Bagadaza da zai ƙara masa hujja. Duk da haka bai tashi ba. Tun daga watan Rajab na shekara ta 488, wato 1095, ya shiga kai da kawo kusan wata 6. Yau ya ƙulla niyyar barin Bagadaza, gobe ya kwance. Da asuba kwaɗayin Lahira ya yi ƙarfi cikin zuciyarsa, kafin maraice rundunar sha'awa ta kawo hari ta kashe shi. Imani yana kiransa ya tashi domin sauran rai kaɗan ne kuma tafiya da nisa, duniya kuwa tana riƙe da shi da sarƙoƙinta.

Ku lura da dabarar Shaiɗan la'ananne. Bai zo masa da kafirci ba, bai zo masa da alfasha ba, domin ya san ba zai karɓa ba. Abin da ya riƙa raya masa shi ne wannan hali mai wucewa ne, kada ya yi gaggawa, idan ya saki wannan muƙami da wannan zaman lafiya, wataƙila ransa ya sake nemansu bai same su ba. Magana ce mai kama da ta dattijo mai hankali, kuma da irinta yake kama malamai da masu ibada. Ba ya hana su tuba, dakatar da su yake yi.

Ku ƙidaya watannin da suka shuɗe masa cikin wannan hali. Rajab ya wuce, Sha'aban ya wuce, watan Azumi da darensa masu albarka ya shiga ya fita, Shawwal ya biyo. Wanda ke cewa sai wata mai alfarma ya kama zai gyaru, ya dubi wannan. Wata ba ya tayar da wanda bai tashi ba.

Da abin ya yi tsawo, sai Allah ya karɓe zaɓi daga hannunsa, ya ɗaure harshensa. Yakan yi ƙoƙari ya zauna ya karantar ko da yini ɗaya domin ya faranta wa ɗalibai, harshe ya ƙi furta ko kalma. Baƙin ciki ya cika zuciyarsa, abinci ya ƙi shiga, ko romo ba ya iya haɗiya, ƙarfinsa ya tafi. Masu magani suka duba shi suka ɗebe tsammani, suka gane abu ne da ya sauka a zuciya sa'an nan ya ratsa jiki, babu maganinsa sai zuciyar ta huta daga abin da ke damunta.

Sa'ad da ya ga gajiyawarsa, dabararsa duka ta ƙare, sai ya fake ga Allah fakewar wanda ba shi da kowa. Allah ya amsa masa, ya sauƙaƙa wa zuciyarsa rabuwa da girma da dukiya da abokai. Ku gane daga nan cewa ilimi shi kaɗai bai ishe shi ba, ƙarfin azama ma ya kasa, har sai da ya ƙasƙantar da kai ya roƙa.

Fasali na huɗu, cikin fitarsa

Ya bayyana wa mutane cewa Makka zai tafi, alhali a zuciyarsa Sham ya nufa, domin tsoron kada Halifa da abokai su hana shi. Ya rarraba dukiyarsa, bai rage ba sai gwargwadon buƙatarsa da abincin 'ya'yansa. Ƙanensa Ahmadu ya zauna a madadinsa a Nizamiyya. Ya fita Bagadaza cikin watan Zulƙida na shekara ta 488, yana ɗan shekara 38.

Mutane suka yi ta surutu. Malaman Iraƙi suka zarge shi, domin a ganinsu muƙamin da ya bari shi ne ƙololuwar addini. Na nesa suka zaci tsoron sarakuna ne ya kore shi. Na kusa kuwa, da suka ga yadda sarakunan ke liƙe masa shi yana kau da kai, sai suka ce kambun baka ne ya sami Musulunci da malamai. Da ya jira sai mutane sun yarda, da bai taɓa ɗaga ƙafa ba.

Zamanin ma bai kasance na kwanciyar hankali ba. An kashe Nizamul Mulki, wanda ya ɗaukaka shi, cikin Azumin shekara ta 485. Sarki Malikshah ya mutu bayansa da kamar wata guda, magada suka shiga yaƙi da juna kan sarauta. Cikin wannan hargitsi ya kama hanya. Masu tarihi sun ambata cewa cikin wannan shekara ta 488 da ya fita, cikinta ne Shehu Abdulƙadir Jilani ya shiga Bagadaza yana saurayi mai neman ilimi. Tsarki ya tabbata ga wanda ba ya barin ƙasa babu mai tsayar da hujjarsa. Kada wani ya ce idan ya janye domin gyaran ransa al'amari zai lalace, domin addini yana da Mai tsaronsa.

Ya shiga Sham ya zauna kusan shekara 2, ba shi da aiki sai kaɗaita da halwa da horon rai. Yakan hau hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe ƙofa ya yini yana zikiri. Ya wuce Baitul Maƙdisi, kullum yana shiga Ƙubbatus Sahra yana rufe kansa. Ya ziyarci maƙamin Annabi Ibrahimu a garin Halil, a can ya ɗauki alkawari uku: ba zai ƙara zuwa ƙofar sarki ba, ba zai karɓi dukiyar sarki ba, ba zai ƙara shiga jayayya ba. Ya yi aikin Hajji cikin shekara ta 489, ya ziyarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ku sani kuma cikin shekara ta 492, wato 1099, rundunar Nasaran Turai ta ci Baitul Maƙdisi da yaƙi, ta kashe jama'a masu yawa. Da ya ƙara shekara 4 yana cewa sai gobe, da ya tarar da wannan ƙofa a rufe. Masu iya magana sun ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Fasali na biyar, cikin abin da ya samu da ƙarshen rayuwarsa

Kada ku zaci da ya fita sai hanya ta zama shimfiɗa. Shi da kansa ya bayyana cewa al'amuran zamani, da lalurar iyali, da neman abin masarufi, suna gurɓata masa halwa, halinsa ba ya yin garau sai jefi-jefi. Amma bai yanke ƙauna ba. Duk sa'ad da wani abu ya ture shi daga hanya sai ya komo. Haka ya dawwama wajen shekara 10, har aka buɗe masa abubuwan da ba su ƙidayuwa, ya sami yaƙinin cewa sufaye su ne masu tafiya bisa tafarkin Allah. Wannan ya ishi mai jiran ranar da babu damuwa amsa. Ranar nan ba ta zo wa Gazali ba cikin hasumiyar Dimashƙa, balle kai da ke cikin iyali da kasuwa.

Kiran 'ya'yansa ya mayar da shi gida. Ya biyo ta Bagadaza cikin shekara ta 490, inda Alƙali Abubakar ɗan Arabi, malamin mazhabarmu ta Malikiyya, ya sadu da shi ya ɗauki ilimi a wurinsa. Sa'an nan ya wuce Ɗus. Cikin waɗannan shekaru ya wallafa Ihya'u Ulumid Dini, wanda malamanmu ke karantarwa a zaure. Littattafai 40 ne cikin kashi huɗu: ibadu, da al'adu, da masu halakarwa, da masu tsirarwa. Kashin masu tsirarwa ya buɗe shi da littafin tuba, ya rufe shi da littafin tuna mutuwa. Cikin littafin tuba ya kwatanta mai jinkiri da wanda ya so tumɓuke itace, ya ji ta da ƙarfi, ya bar ta sai baɗi, alhali kowace shekara saiwarta ƙara kama ƙasa take, shi kuwa ƙarfinsa raguwa yake. Mutumin da ya ɗanɗani wata 6 na kai da kawo shi ya san wannan.

Cikin Zulƙida na shekara ta 499, wato 1106, Fahrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur. Ya shawarci ma'abota zukata, suka ga dacewar haka domin raunin da imanin mutane ya yi. Ya koma, amma da wata niyya dabam: dā yana yaɗa ilimin da ake samun girma da shi, yanzu yana kira ga ilimin da ake barin girma da shi. Daga baya ya komo Ɗus, ya gina makaranta ta ɗalibai da zawiya ta sufaye kusa da gidansa, ya raba lokacinsa tsakanin tilawa, da karantarwa, da zama da ma'abota zikiri, da salla da azumi. A ƙarshen rayuwarsa ya duƙufa ga Hadisi, yana karatun Buhari da Muslim, bai ce girma ya hana shi zama ɗalibi ba.

Ya rasu ranar Litinin, 14 ga Jimada Ahir, shekara ta 505, wato 1111, aka rufe shi a Ɗabaran ta Ɗus. An ruwaito daga ƙanensa Ahmadu cewa ya yi alwala ya sallaci Asuba, ya sa aka kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora bisa idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sarai. Shekarunsa 55. Tsakanin fitarsa Bagadaza da rasuwarsa shekara 17 ce, cikinsu ya sami abin da ya samu, ya bar wa al'umma abin da ya bari. Da ya ɗaga tuba sai ya cika shekara 60, da kabari ya riga shi.

Fasali na ƙarshe, cikin abin da ya wajaba ga muridi

Ba a neman kowa ya bar garinsu ya shiga duniya. Gazali bai tafi ba sai da ya tanadar wa 'ya'yansa abinci, kuma ya komo gare su. Tozarta iyali zunubi ne, ba zuhudu ba. Abin da ake nema gare ka shi ne ka gane wace ce Bagadazarka, wato abin nan da ka daɗe da sanin yana tsakaninka da Ubangijinka kana ɗaga rabuwa da shi. Ga wani bashi ne da yake da ikon biya ya ƙi. Ga wani gonar marayu ce. Ga wani gaba ce da ɗan'uwa. Ga wani sallolin da ake binsa ne, ko wuridin da ya karɓa daga shehinsa ya ajiye tasbaha. Ga wani mai koyarwa son a sumbaci hannunsa ne.

Kun karanta tun kuna yara a farkon Ahalari cewa jinkirta tuba bai halatta ba. Malamai sun tabbatar tuba wajibi ce nan take, jinkirta ta kuwa wani zunubi ne dabam mai neman tasa tuba. Sharuɗɗanta sanannu ne: nadama bisa abin da ya wuce, da barin saɓo a take, da niyyar rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Tushen jinkiri dogon buri ne, dogon buri kuwa daga son duniya yake da jahiltar kusancin ajali. Maganinsa yawan tuna mutuwa, da ziyarar maƙabarta, da ƙidaya tsararka da aka rufe alhali suna da shirin baɗi.

Saboda haka ka fara da abin da ke hannunka kafin ka kwanta daren yau. Idan bashi ne, kai abin da ya sawwaƙa ka nemi afuwar saura. Idan gaba ce, ka fara sallama. Idan ramuwar salla ce, ka rama ta yini ɗaya tare da sallolin yau. Idan wuridi ne, ka ɗauki tasbaha bayan sallar da ke tafe, ka gaya wa muƙaddaminka halinka kada kunya ta hana ka. Idan ka faɗi ka tashi, kamar yadda Imam ya riƙa komowa duk sa'ad da aka ture shi. Idan ka ji azamarka ta yi rauni, ka yi abin da ya yi sa'ad da harshensa ya ɗaure: ka kai ƙarar ranka ga Allah cikin sulusin dare. Kada ka jira sai an kwantar da kai kamar yadda aka kwantar da shi, domin shi an tashe shi, da yawa kuwa daga wannan kwanciya aka ɗauke su zuwa makwanci.

Ya Allah ka jiƙan Imamu Gazali, ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da alheri. Ka tashe mu daga barcin gafala, ka tsare mu daga sharrin rayukanmu da ruɗin Shaiɗan, ka ba mu tuba ta gaskiya kafin gargarar mutuwa. Ka gafarta wa iyayenmu da shehunanmu da dukkan Musulmi, ka sa mu cika da kalmar shahada. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, ya sa marubucinsa cikin addu'a. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.